Kwalliya da Kuɗin Sabulu: Yadda Ake Auna Manhajar da Ba a Biya Ko Sisi

Kowa ya san yadda ake gane ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu: a dubi abin da aka kashe, a dubi amfanin da aka samu, a ga wanda ya rinjaya. Muddin akwai farashi, lissafin ba ya ba da wahala. Inda ake rikicewa shi ne kan manhajoji da hidimomin intanet da ba sa karɓar ko sisi, waɗanda kuma a yau sana'ar mutane da yawa ta jingina a kansu. Mai atamfa a Kantin Kwari yana tallata kayansa a sitatus ɗin WhatsApp, makarantar kuɗi tana adana sakamakon ɗalibanta a Google Drive, tela yana baje kolin ɗinkinsa a Instagram, ɗan tireda yana tura wa dila kuɗi ta manhajar da ta ce ba ta cirar komai. Ka tambayi kowannensu ko abin yana biyan buƙata, amsar da za ka fi ji ita ce, "To ai kyauta ne." Da haka ake rufe maganar, alhali ba a auna komai ba.

Wannan ba halin mutanenmu kaɗai ba ne. A 2007 wasu masana uku a Amurka, Kristina Shampanier da Nina Mazar da Dan Ariely, sun wallafa sakamakon wani gwaji. Sun ajiye cakulan iri biyu, mai daraja a kan santi 15, na gama-gari a kan santi 1. Kashi 73 cikin 100 na waɗanda suka ɗauka sun zaɓi mai darajar. Sai aka rage santi ɗaya daga kowanne, mai daraja ya koma 14, ɗayan ya zama kyauta. Tazarar da ke tsakaninsu tana nan yadda take, amma sai ga kashi 69 sun karkata ga na kyauta. Da zarar tsoron asara ya gushe daga zuciyar mutum, yakan daina kwatanta abu da ɗan'uwansa. A kan cakulan babu komai. A kan inda mutum ya ajiye lambobin abokan cinikinsa da lissafin bashin da yake bi, akwai magana.

Wa ke biyan kuɗin?

Daga nan ake farawa, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Kowane saƙo da aka aika yana bi ta manyan kwamfutoci masu shan wuta, da injiniyoyi masu karɓar albashi. Gidauniyar da ke tafiyar da manhajar aika saƙo ta Signal ta bayyana a 2023 cewa zuwa 2025 za ta riƙa buƙatar kusan dala miliyan 50 a shekara, kuma ita ƙarama ce idan aka jera ta da WhatsApp. Sanin aljihun da kuɗin ke fitowa shi ke nuna wa mutum wanda kamfanin zai fi saurara idan buƙatu suka ci karo.

Mafi yawan manyan manhajojin masu talla ne ke biya. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu dala biliyan 164 da ɗoriya a 2024, kuma kusan kashi 98 cikin 100 daga talla ya fito. Abin da yake sayarwa shi ne lokacin da ido ya ɗauka a kan allo, da sanin wane ne mai kallon. Wannan lokaci yana da farashi, kuma farashin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A watanni uku na ƙarshen 2023, mai amfani da Facebook guda ɗaya a Amurka da Kanada ya kawo wa kamfanin kimanin dala 68, a Turai kimanin 23, a rukunin da Afirka take ciki kuwa dala 4 da rabi. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma ba zai yi mamaki ba idan aka rufe masa shafi ya rasa ɗan'adam ɗin da zai kai wa kuka. A Turai, inda doka ta matsa, kamfanin ya fito da farashi a fili a Nuwamban 2023: wanda ba ya son talla ya biya yuro 9.99 a wata a kwamfuta, ko 12.99 a waya, daga baya aka rage. Ita kanta WhatsApp da farko dala ɗaya take karɓa a shekara. Facebook ya saye ta a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, ya soke kuɗin a Janairun 2016, sannan a Yunin 2025 ya sanar da shigar da talla ɓangaren sitatus.

Akwai kuma kyautar ɗanɗano, wadda ake ba mutum kaɗan don ya saba, in ya buƙaci ƙari ya biya. Google yana ba kowane asusu wurin ajiya na gigabait 15, iCloud 5, Dropbox 2, Zoom kuma yana yanke taron kyauta a minti 40. Babu yaudara a nan, an rubuta komai. Sai dai an kafa iyakar ne daidai inda aiki na gaske yake farawa, don haka abin lissafawa shi ne ranar da za a kai bango. Hoto ɗaya na wayar zamani yakan kai megabait 3 zuwa 5. Ɗan kasuwar da ke ɗaukar hoton kaya 20 a rana, kowanne megabait 4, yana tara gigabait 2.4 a wata, ke nan wata shida da 'yan kwanaki ya cinye gigabait 15 ɗinsa. In yana ɗaukar bidiyo, ba zai kai haka ba.

Wata kyautar ta farautar kasuwa ce. Kamfani ya zuba kuɗin masu jari ko ribar wani sashensa don ya tara jama'a, in sun taru a gyara sharaɗi. Google Photos ya fito a 2015 da alƙawarin adana hotuna ba iyaka, ya janye shi ranar 1 ga Yunin 2021. Irin wannan a ci moriyarta, amma kada a yi gini a kanta kamar za ta dawwama.

Ta ƙarshe ita ce wadda ƙungiyoyi da masu sa-kai suke riƙewa da gudummawar jama'a, kamar Wikipedia da Signal da LibreOffice da VLC. Ba sa sayar da hankalin kowa. LibreOffice ma, manhajar rubutu da lissafi ta ofis, a kan kwamfutar mutum take zaune, tana aiki ba tare da data ba, babu mai iya kulle ta daga nesa. Nata tsadar daban ce: babu ofishin da za a kira, kuma takardar da aka tsara a Word wani lokaci takan karkace idan an buɗe ta a ciki, musamman mai tebura da yawa.

A fara da amfanin, a sa masa kuɗi

Tunda babu farashi, sai a ƙirƙiro ma'auni. Hanyar da masana tattalin arziki suke bi ita ce juya tambayar: nawa za a ba ka ka haƙura da abin? Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa sun wallafa irin wannan bincike a 2019, inda suka samu cewa matsakaicin mai amfani da Facebook a Amurka sai an ba shi kusan dala 48 kafin ya yarda ya bar shi wata guda, a kan injin bincike irin Google kuwa sama da dala 17,000 a shekara. Alƙalumansu na can ne, tambayar ce ta kowa. Mutum ya ɗauki manhajojin wayarsa ɗaya bayan ɗaya ya tambayi kansa tsakani da Allah. Yawanci zai tarar biyu ko uku ne ba zai saki ba ko an ba shi dubu ɗari, sauran kuwa ko da ɗari biyar zai rabu da su. Waɗancan biyu ko ukun su ne suka cancanci dogon lissafi.

Hanya ta biyu ta fi saurin ba da adadi: a nemo abu mafi kusa da ake biya, a ga nawa aka tsira da shi. A jadawalin cajin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a farkon 2020, tura kuɗi daga banki zuwa wani banki naira 10 ne in bai wuce dubu 5 ba, naira 25 daga nan zuwa dubu 50, naira 50 in ya haura, ban da harajin VAT. Wanda ke tura kuɗi sau 20 a rana a matakin naira 25, in ya samu manhajar da ba ta cira, ya tsira da naira 500 kullum, dubu 15 a wata. Wannan riba ce ta gaske. Wanda kuwa sau huɗu yake turawa a wata, naira 100 ce ribarsa, kuma bai kamata naira 100 ta sa shi kwashe ajiyarsa zuwa inda bai bincika ba.

A wajen kwatantawa a tabbata abubuwan biyu aiki ɗaya suke yi. Makarantar da ta daina aika wa iyaye tes ta koma WhatsApp ta huta da kuɗin tes, amma jerin aika saƙon bai-ɗaya a WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar makarantar a wayarsa. Uban da ke riƙe da ƙaramar waya mai madannai, ko wanda datarsa ta ƙare, ba zai san an ɗage ranar komawa ba. In iyaye 300 ne kuma 180 suka gani, an yi kashi 60 na aikin ne, sauran 120 sai an bi su ta wata hanya, wadda ita ma da kuɗinta.

Abin da ke fita ta bayan gida

Data ita ce ta fi sauƙin ƙirgawa, kuma ba a buƙatar ƙiyasi. A saitin kowace wayar Android, ƙarƙashin ɓangaren sadarwa, akwai inda ake nuna datar da kowace manhaja ta sha a wata. IPhone ma tana da shi, sai dai ita sai an goge ƙidayar da hannu a farkon wata. A rubuta adadin, a ninka da farashin da ake sayen gigabait. A ɗauka gigabait naira 500 ne kuma manhaja ta sha 12: dubu 6 ke nan a wata, dubu 72 a shekara. Tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin 100 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ɓangare ya ƙara nauyi. Sau da yawa kaso mai tsoka na datar ba aiki ne ya cinye shi ba. Bidiyon da ke kunna kansa ne, da hotuna da bidiyon zauruka da waya ke saukewa ba a tambaye ta ba. Kashe waɗannan biyu a saiti ba ya cin minti biyar.

Lokaci ma waya tana ƙirga shi, tana nuna awa nawa aka yi a kan kowace manhaja. Mutum ya raba abin da yake samu a rana da awannin aikinsa, ya ga kuɗin awa ɗaya, sannan ya ware awannin da aka yi ciniki da waɗanda suka tafi a kallon da ba a yi niyya ba. Manhajar da talla ke ciyar da ita an gina ta ne don a daɗe a ciki, don haka kada a ɗora wa raunin zuciya laifin duka.

Bayanai sun fi wuyar sa wa farashi, amma akwai ma'auni mai sauƙi: shin izinin da manhaja take nema ya yi daidai da aikinta? Manhajar taswira tana da hujjar sanin inda kake. Manhajar tocila ko ta gyaran hoto ba ta da abin yi da lambobin wayarka ko saƙonninka. Kuma lambobin nan ba naka ba ne kai kaɗai, amanar mutane ce. An ga yadda wasu manhajojin ba da rance suka riƙa kwasar lambobin da ke wayar wanda ya ci bashi suna aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta far musu a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayun 2023. Hukumar ce kuma ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Ga makaranta ko asibiti ko ƙungiya abin ya wuce son rai, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhaki a kan wanda ya tattara bayanan mutane, ko da a ma'ajiyar kyauta ya zuba su.

Ranar da abin ya tsaya

Nan ne mafi girman kuɗin yake, kuma nan ne aka fi mantawa. Mai amfani da hidimar kyauta kamar wanda aka ba rumfa ne a kasuwa aka ce ya zauna ba haya. Yana ciniki, yana samun riba, jama'a sun san wurinsa, amma ba shi da takarda. Ranar da mai rumfa ya canza shawara, ko ƙofa ta ƙi buɗuwa, ba shi da abin da zai nuna wa kowa.

Bambancin a rubuce yake. Kamfanin da ya biya Google Workspace, wato imel da ma'ajiyar Google na kuɗi, yana da alƙawarin cewa hidimar za ta yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na kowane wata, wato tsayawarta kada ta wuce kusan minti 43, in ta wuce a rama masa da ƙarin kwanaki. Mai Gmail na kyauta ba shi da wannan. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duk duniya, babu wanda aka biya diyyar cinikin da ya rasa. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, wata bakwai cur. A 2019 dandalin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi kusan miliyan 50 da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, wajen sauya ma'ajiya. An rufe Google+ a Afrilun 2019, an rufe Skype a Mayun 2025.

Waɗannan su ne suke shiga labarai, amma ba su ne suka fi cin mutane ba. Abin da ya fi yawa shi ne mutum ɗaya ya rasa asusunsa alhali na kowa yana aiki, kuma hanyoyin sanannu ne. Ta farko tana farawa tun ranar sayen waya. Yaron shago ya buɗe wa mai waya Gmail don a sauke manhajoji, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a rai, wataƙila ma ya sa lambar wayarsa a matsayin ta ceto. Mai waya ya tafi bai san adireshin ba, balle kalmar. Shekara uku lambobinsa da hotunansa da kwafin hirarrakinsa na WhatsApp suna taruwa a cikin wannan asusu. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka fizge ta, komai yana nan lafiya a ma'ajiyar Google, sai dai babu mabuɗi. Duk mai gyaran waya ya san wannan kuka.

Sai damfarar lambobi shida. Wani ya kira, ya ce shi ne shugaban wani zaure ko ana rajistar tallafi, a karanto masa lambar da ta shigo ta tes. Wannan lamba ita ce ke buɗe WhatsApp ɗin mutum a wata waya, da ita kuma za a fara roƙon kuɗi da sunansa. Sai layin waya da kansa: layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma duk asusun da aka ɗaura a kan lambar yana cikin haɗari. Sai rufewar da na'ura ke yi ba tare da mutum ya duba ba, wadda ta fi faɗa wa masu aika saƙo iri ɗaya ga ɗaruruwan da ba su adana lambarsu ba, da masu amfani da WhatsApp na jabu irin su GB WhatsApp, wanda kamfanin ya faɗa a fili yana rufe asusu a kansa.

Akwai biyu da suke zuwa shiru. Gigabait 15 ɗin Google na haɗaka ne tsakanin Gmail da Drive da Photos, kuma tun farkon 2024 kwafin ajiyar WhatsApp na masu Android ya shiga cikin lissafin. In ya cika, imel ba ya shiga ba ya fita, kwafin ajiyar ma ya tsaya, mutum yana zaune yana zaton ana adana masa. Ɗayar kuma ita ce barin asusu: Google yana da damar goge wanda ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, tsarin da ya fara aiki a Disamban 2023, WhatsApp kuwa yakan goge bayan kwana 120.

Yanzu a sa wa wannan kuɗi. A ɗauka ɗan kasuwa yana samun ribar dubu 20 a rana, rabinta ta WhatsApp take zuwa. In ya rasa asusun ya ɗauki mako biyu kafin abokan ciniki su gane sabuwar lamba, dubu 140 ta tafi. In aka ƙaddara haka za ta faru sau ɗaya a shekara uku, aka raba a kan wata 36, kusan naira 3,900 ke nan duk wata. A haɗa da data ta dubu 6, farashin wannan kyauta ya doshi dubu 10 a wata. A ɗaya gefen kuma akwai dubu 10 kullum, dubu 260 a kwanakin aiki 26. Riba ta rinjaya nesa ba kusa ba, kuma gaskiya ita ce a mafi yawan lokuta haka lissafin yake fitowa. Ba muna cewa a guji manhajojin kyauta ba. Amfanin lissafin shi ne ya nuna wurin da rauni yake. A misalin nan akwai abu ɗaya da ba a sa ba don ba ya rabuwa a kan watanni: in lissafin bashin da yake bin mutane a cikin hirarrakin kaɗai yake, abin da zai rasa ba ribar mako biyu ba ce, jari ne.

Gwajin fita

Ingancin hidimar kyauta yana bayyana ne a wajen fita da kaya, kuma ana gwadawa tun ana zaman lafiya. Google yana da Takeout, inda ake zaɓar imel da hotuna da takardu a sauke su a dunƙule. Lambobin waya ana fitar da su a fayil guda na vCard ko CSV, wanda kowace waya ko kwamfuta za ta karanta. WhatsApp yana bari a fitar da hira ɗaya bayan ɗaya a matsayin rubutu, har saƙo 40,000 in ba hotuna, 10,000 in da su, amma abin da aka fitar na karantawa ne kawai, ba ya komawa cikin manhajar. Facebook da Instagram suna ba mutum abin da ya wallafa, sai dai mabiyansa ba sa bin sa ko'ina. Shafi mai mabiya dubu 50 in ya rufe, sun tafi. Shi ya sa mai sana'a yake buƙatar jerin lambobin abokan cinikinsa na gaske, da yardarsu, a wani wuri da yake hannunsa.

Saukewa kaɗai ba ta isa ba. A buɗe fayil ɗin a wata na'ura daban a ga ya buɗu. A ajiye kwafi uku: na aiki, ɗaya a filashi ko faifan ajiya, ɗaya kuma a wani gida ko ofis, saboda gobara da sata ba sa zaɓe. Lissafin bashi ya kasance yana da littafi na takarda. Wanda ya ga yadda aka katse layukan sadarwa a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021 ya san amfanin abin da ake karantawa ba sabis.

Rage haɗarin rasa asusu ba ya cin kuɗi. Mai waya ya san adireshin Gmail ɗinsa da kalmar sirrinsa, ya canza ta da hannunsa, ya duba lambar ceto ya tabbata tasa ce. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, masu alƙaluma takwas-takwas, a rubuta su a takarda a adana. A WhatsApp a kunna tabbaci mai mataki biyu, a sa lambar sirri shida da imel na ceto, domin ita ke tare ɗan damfara ko da ya samu lambar tes. Layin da aka ɗaura asusun a kansa ya kasance da sunan mai shi da NIN ɗinsa aka yi masa rajista, a riƙa sa masa kati ko kaɗan ne. Ofis da makaranta kada su buɗe asusun aiki da lambar ma'aikaci ɗaya, domin ranar da ya bar aiki da mabuɗin zai tafi.

Manhajar kuɗi tana da ƙarin sharaɗi. A duba irin lasisin da Babban Banki ya ba ta, a duba ko hukumar NDIC tana inshorar ajiyarta. Tun 2024 iyakar inshorar naira miliyan 5 ce ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a bankin masu ƙaramin ƙarfi. A gwada ta da ƙaramin kuɗi, a lura da kwana nawa take ɗauka kafin ta mayar da kuɗin da aka cira bai isa ba, a san ko tana da ofishin da ƙafa za ta kai. In an kai ƙorafi mako biyu ba a warware ba, ana iya ɗaukaka shi zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Banki.

Biyan kuɗi yana da ma'ana ne a inda abin da kuɗin zai saya shi ne ainihin abin da ya yi ƙaranci. In wuri ne ya cika, ƙaramin matakin ƙarin ma'ajiya ya wadatar, amma a sani biyan kuɗin wuri ba ya hana a rufe asusun da ya karya doka, kuma ba ya maye gurbin kwafin da ke hannu. Ga makaranta ko kamfani, abin da ya fi dacewa a fara biya shi ne sunan yanki na kansu, kamar mai ƙarewa da .ng da ake sabuntawa shekara-shekara, domin adireshin imel da ke kan sunansu yana bin su duk kamfanin da suka koma, wanda ke kan sunan Gmail ko Yahoo kuwa yana nan inda aka buɗe shi.

Lissafin nan na shekara-shekara ne, saboda sharuɗɗa suna canzawa. Manyan kamfanonin sukan ba da sanarwa kafin lokaci. Google ya sanar da janye alƙawarin Photos tun Nuwamban 2020, fiye da wata shida kafin ranar. Sanarwar ta imel take zuwa, cikin akwatin Gmail ɗin da aka buɗe waya da shi, don haka a riƙa leƙa shi ko sau ɗaya a wata, a kuma duba a shafin ma'ajiya gigabait nawa ya rage.